Kumfar Gidaɗo a Zauren Surukai

Labarin da ya iso tashar Jega shi ne wai wani mutumin Andarai ya tafasa. Ba ruwa ya ɗora a wuta ba, shi kansa ne ya tafasa yana zaune a kan tabarma gaban dattawan Karaye, har hularsa tana rawa kamar murfin tukunya. Kafin labarin ya kai Aliero an ƙara masa gishiri: wai aljanar gulbi ce ta shiga cikinsa da wankinta, kumfar da ta fito ta cika zaure, ta bi lungu, ta tafi da awaki da turmin wata tsohuwa. A Maiyama kuwa akwai wani mai faci da har yau yake rantsuwa cewa matan Karaye sun daɗe ba su sayi sabulu ba bayan wannan rana.

To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Babu akuyar da ta ɓata, turmin tsohuwa yana nan inda ta bar shi, aljana kuma tana da wurin zuwa da ya fi cikin Gidaɗo, cikin da ko tsutsa ba ta daɗewa saboda ƙarancin abinci. Kumfa dai an yi ta, wannan gaskiya ne, amma duka-duka ba ta cika ludayi ba. Mutumin kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka duk abin da na faɗa a kansa ya halatta, ko alƙali ba zai saurari ƙararsa ba.

An haifi Gidaɗo a Andarai, a gidan manoman gero da ba su taɓa zaton za su haifi ɗan gayu ba. Tun yana ƙarami in an miƙa masa hauya sai ya riƙe ta da yatsu biyu kamar an ba shi mataccen ɓera. Kakarsa ta wajen uba Bafulatana ce, kuma abin da ya gada daga wajenta suna ne da kunya. Saniya kam ko ta hoto ba ta biyo shi ba. Amma kunyar ya riƙe ta da hannu bibbiyu, yana nuna ta ga jama'a kamar yadda mai sabon agogo yake yawan naɗe hannun riga.

Da ya tasa sai ya gudu Aliero, ya ce zai yi kasuwancin albasa. Kasuwancin da ya samu shi ne ɗinkin bakin buhu. In an cika buhu da albasa har ta yi tozo, sai a kira shi da basillarsa da igiya, ya ɗora wa buhun hula ya ɗinke, don kada kaya ya zube a hanyar kudu. Aikin ke nan tun kansa yana da gashi har yau da ya koma kamar albasar da aka ɓare. Amma ka tambaye shi sana'arsa a gidan biki, sai ya gyara wuyan riga ya ce yana harkar tura kaya Legas. Yana wuni cikin albasa, yana ƙyamar warinta, don haka kwalbar turare ba ta barin aljihunsa. Abin da turaren nan da albasar nan suke haɗawa a jikinsa da rana tsaka, ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya sauka. Matarsa ta fari, 'yar Sarandosa, ta jure iyakar jurewarta, wata rana ta ce za ta je ganin gida, daga can ta aiko a ba ta kwanoninta. Tun daga nan Gidaɗo ya koma cin tuwon mahaifiyarsa, Gwaggo, yana gaya wa mutane cewa shi ne bai ga macen da ta dace da shi ba.

Duk masu ɗinkin buhu suna da 'yar wuƙa ta yanke igiya. Gidaɗo ya ce wuƙa ta ragwaye ce, shi da haƙori yake tsinkewa, musamman in akwai masu kallo. Shekara da shekaru haƙorin gefen dama yana haƙuri da wannan wauta, har ranar da ya tsage. Nan ne wani sirrin ya fito: ƙaton mutumin nan da yake haɗiye lomar tuwo kamar dunƙulen hannu ba ya iya haɗiye ƙwayar magani. In ya jefa ta a baki ya kora da ruwa, ruwan zai wuce, ƙwayar ta tsaya a kan harshe tana jiransa. Ya yi ta kakari idanu jajur, kamar zakaran da ya haɗiyi ƙwallon goruba.

Filimon, mai kemis a Jega, shi ne ya tausaya masa. Ya ɗauko masa wata doguwar roba mai murfi, a ciki an jera ƙwayoyi farare masu faɗi kamar murfin kwalbar lemo, ya ce wannan ba haɗiya ake yi ba, a ruwa ake jefawa. Ya yi masa bayani, kuma tunda ni ma na ɗan leƙa makaranta kafin malamai su gaji, zan iya maimaitawa. A cikin kowace ƙwaya an danne gari iri biyu tare da maganin. Ɗaya mai tsami ne, dangin lemun tsami, ɗayan kuma dangin kanwa ne, irin hodar da ake sa wa fulawa ta tashi. Muddin suna bushe, zaune suke shiru kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji amma ba su haɗu a hanya ba. Da ruwa ya taɓa su sai faɗa ya kaure. Faɗan ne yake haifar da iskar nan mai tasowa sama, irin ta lemon kwalba, iskar kuma ita ke farfasa ƙwayar ta watsa maganin ko'ina cikin ruwan ba sai an sa cokali ba. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a jiƙon tsamiya ta ga ƙanin wannan a ƙwaryarta. Da yake maganin ya narke tun a kofi, ciki ba ya shan wahalar niƙa shi, shi ya sa yake saurin kama jiki.

Filimon ya ja masa kunne sosai. Ya cika kofi da ruwa, ya jefa guda, ya jira har ta gama surutunta, sannan ya shanye. Kada ya tauna, kada ya tsotsa, kada ya wuce yawan da aka rubuta a jikin robar. Ya tambaye shi ko yana da hawan jini, don akwai gishiri a cikinta wanda mai hawan jini sai ya tambayi likita. Gidaɗo ya ce jininsa jinin manya ne, ba ya hawa ba ya sauka. Filimon ya ƙara da cewa ya riƙa rufe murfin da kyau, kuma ya sani ƙwayar nan lallashin haƙori kawai take yi, magani na gaskiya shi ne ya je a cire. A cikin duk wannan, abin da ya shiga kunnen Gidaɗo shi ne ƙarar da ƙwayar ta yi a kofi.

Washegari ya sayi tambulan na gilashi, ya naɗe shi a hankici. Daga ranar rumfar 'yan dako ta Aliero ta sami sinima kyauta. Sai ya bari an taru, ya fito da tambulan ya goge, ya zuba ruwa, ya ɗaga ƙwayar sama kowa ya gani, ya sake ta. Ruwa ya ɗauki shuuu, shi kuma ya ɗaga tambulan saitin rana yana lumshe ido kamar shi ya ƙirƙiro abin. Ya gaya musu maganin matuƙan jirgin sama ne, Turawa ne suka kulle wuta a ciki, shi ya sa yake tafasa ba murhu. Da wani ɗan dako ya tsoma yatsa ya ce ai ruwan da sanyinsa, Gidaɗo ya ce yatsan ne bai yi makaranta ba.

Ana cikin haka Tabawa ta shigo rayuwarsa. Bazawara ce 'yar Karaye, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana kawowa kasuwar Maiyama. Mijinta ya rasu ne bayan doguwar jinya. Mutumin ya ɓoye ciwonsa har sai da ya kwantar da shi, ita ce ta yi ta ɗagawa da kwantarwa da wanki, har ta sayar da injin matsar manta. Da ta fita takaba ta ce ta gama jinyar namiji a duniya, duk mai son ta ya zo da lafiyarsa. Ta kori mai tari, ta kori mai ɗingishi, ta kori wani don kawai ta ga yana yawan dafa ƙugu. Rannan buhun gyaɗarta ya fashe a tashar Maiyama, Gidaɗo yana jiran motar Andarai da basilla soke a hula. Ya durƙusa ya ɗinke, ya tsinke igiyar da haƙorin hagu, ya miƙe yana murmushi da rabin baki. Abin da ta gani a jikinsa Allah kaɗai ya sani. Gwaggo ta ce addu'arta ce ta karɓu. Ni dai bincikena ya nuna mura take yi a ranar, hancinta a toshe.

Magana ta yi nisa har aka ce ya je Karaye ya gaida Baffa Tamu, ƙanin mahaifinta, wanda aurenta yake hannunsa. Zancen haƙori kuwa ko da wasa Gidaɗo bai taɓa yi mata ba. Ya san in ta ji kalmar ciwo, tuwon Gwaggo zai ci gaba da ci har tsufa. Ya ƙi tafiya da kowa, wai kada a ɓata masa tsari. Ya ari babbar riga, ya juye rabin kwalbar turare, ya ɗauki ƙwaryar goro, ya jefa robar ƙwayoyinsa a aljihu, ya hau babur ɗan haya. Damina ce tsaka, yayyafi ya bi su tun daga Maiyama, iska mai sanyi tana shiga bakinsa duk lokacin da ya buɗe don ya gaya wa mai babur ya bi a hankali. Kafin su kai Karaye haƙori ya farka.

Ni da na shiga zaurukan surukai da dama zan iya shaida cewa dokar wurin ɗaya ce: mai neman aure ba ya ci, ba ya sha a gaban iyayen mace. Za a kawo ruwa a ajiye gabanka, ka ce alhamdu lillahi, ka bar shi. Masu hankali sukan saci kurɓi in dattijo ya juya. Gidaɗo kuwa, jikan Bafulatana, ya yi niyyar nuna wa Karaye kunyar da ba su taɓa gani ba. Ya cire takalmi tun daga bakin hanya, ya durƙusa nesa, aka yi ta fama da shi kafin ya yarda ya hau gefen tabarma. Aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya aka ajiye dab da gwiwarsa. Ko kallon ta bai yi ba.

Baffa Tamu dattijo ne da ba ya gaggawa. Gaisuwarsa kaɗai ta isa a dafa wake. Ya tambayi Andarai gida-gida, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi albasa, ya koma kan ruwan bana, da tsadar taki, da tsuntsayen da suka dame su bara. Abokansa dattawa suna gefe suna tayawa. Duk wannan lokaci haƙorin Gidaɗo yana aiki. Ya fara da zugi, ya hau kunne, ya zagayo ido, har Gidaɗo ya ji kamar da basillarsa ake ɗinke masa muƙamuƙi. Hawaye ya fara zubo masa ta ido ɗaya. Wani dattijo ya raɗa wa na kusa da shi cewa yaron nan yana da taushin zuciya, ɗayan ya ce a'a, sabon albasa ne.

Maganin yana aljihunsa. Ruwan yana gaban gwiwarsa. Tsakaninsu babu komai sai Baffa Tamu da kunyar da Gidaɗo ya gada daga kakarsa Bafulatana. In ya ce a ba shi izini ya fita, za a tambayi dalili. In ya jefa ƙwaya a ƙwaryar surukai ya ɗaga ya sha, ya zubar da mutuncin Andarai, kuma ya tona cewa yana da ciwo. Sai ƙwaƙwalwar nan tasa, wadda ba a cika takura mata ba, ta kawo masa shawara. Filimon ya ce ƙwayar ruwa take so. To, mene ne miyau in ba ruwa ba? Ya lalubi aljihu, ya ɓalle murfi da babban yatsa, ya zaro guda. Ya ɗaga hannun babbar riga ya rufe fuska kamar mai tari cikin ladabi, ya cusa ta gefen haƙorin.

Da farko ɗan tsami-tsami ya ji, har ya yaba wa kansa. Sai ƙara ta fara. Siririya ce, amma a zauren da ake sauraron dattijo ta fito sarai. Wani ya ɗaga gefen tabarma yana neman maciji. Wani ya leƙa waje ko tayar keken wani ce take sacewa. Gidaɗo ya datse leɓe. Kumatunsa suka fara cika, na dama ya riga na hagu. Ya gwada haɗiyewa, maƙogwaron nan da bai taɓa yi masa biyayya a kan ƙwaya ba ya ƙi. Tofarwa a zauren surukai kuwa ai gara a ce ya sha ruwan. Iska ta nemi hanya ta hanci, idanunsa suka firfito.

Daidai nan Baffa Tamu ya gama da tsuntsaye, ya gyara zama, ya zo kan maganar da ta tara su.

"To Gidaɗo, magana guda ta rage. Ɗiyag ga ta sha jinya, kowa ya sani. Lahiyakka lau? Babu wata cuta da kaka ɓoyo?"

Tambayar surukai ba a amsa ta da ka. Gidaɗo ya buɗe baki zai ce lafiya lau. Abin da ya fito fari ne, ya gangaro ta gemu, ya sauka a kan aikin rigar aro yana ci gaba da tsuwa.

Dattawan Karaye, waɗanda in za su tashi daga tabarma sai sun kira sunan Allah sun dafa bango, ranar sun nuna ashe ƙarfinsu ajiye shi suke yi. Sun yi imani farfaɗiya ce, kuma sun yi imani miyan mai farfaɗiya yana harbin mutum, abin da ma'aikatan asibiti suka gaji da gaya musu ƙarya ne. Suka haɗu a ƙofa suna gwara kafaɗu. Gidaɗo ma ya zabura, ya yi fatali da ƙwaryar ruwan, wani abu fari ya faɗo daga aljihunsa ba wanda ya kula, ya fita ta ɗaya ƙofar ba takalmi. An ce sai da ya wuce gonakin gari kafin ya tuna ana iya tofarwa.

Zancen aljana da awaki na 'yan tasha ne, dariya kawai ake yi. Wanda ya yi ɓarna shi ne na farfaɗiya. Ba a jima ba mai babur ya kawo wa Gwaggo takalman ɗanta da ƙwaryar goro ko ɗaya ba a taɓa ba, da saƙon Baffa Tamu cewa Allah ya ba shi lafiya, Allah kuma ya haɗa kowa da rabonsa. Gidaɗo ya rataye rigar a ƙusa, ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Gwaggo ta bar shi ya yi kwanakinsa, sannan ta shiga da muciya a hannu. Ta ce ita ta tsufa da tuƙa wa gwauro tuwo, in bai tashi ya gyara abin da ya ɓata ba, ya nemi wata uwar. Ita ta tasa shi gaba har asibiti a Jega aka cire haƙorin, inda aka ce kukansa ya sa masu jiran layi da dama sun ji sauƙi sun koma gida.

Da kumburi ya saɓe ya shirya komawa Karaye da hujja. Tsarinsa mai sauƙi ne: zai yi musu sinimar da ya saba yi a Aliero, su gani da idonsu inda kumfa ta fito. Ya aika aka roƙi Baffa Tamu, dattijo ya yarda, amma ya ce a waje za a zauna, kuma Gidaɗo ya tsaya ta inda iska ba ta kaɗowa. Rabin gari ya taru. Gidaɗo ya fito da tambulan ya goge, aka zuba masa ruwa daga nesa, ya zaro robar daga aljihun rigar da ta yi kwanaki a rataye a ɗaki mai yoyo. Sai a lokacin ya lura babu murfi. Ƙwayoyin sun kumbura sun manne da juna kamar tuwon jiya. Da basilla ya ɓanɓaro guda. Ya ɗaga ta sama yadda ya saba, ya yi jawabi a kan matuƙan jirgin sama, ya sake ta.

Ta nutse ta kwanta a gindin tambulan. Wani ɗan kumfa guda ya taso a kasalance, ya duba jama'a, ya fashe. Gidaɗo ya girgiza tambulan. Ya juya da basilla. Ya matso da kunnensa. Ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke alli, shi ke nan.

Baffa Tamu ya ce ko ƙwaron da ya faɗa randa ya fi wannan motsi. Ya ce in wannan ce ta yi abin da suka gani rannan, to shi ma gobe zai haifi tagwaye. Ya kakkaɓe rigarsa ya shiga gida. Yanzu Gidaɗo ya tashi daga mai farfaɗiya ya zama mai farfaɗiya kuma maƙaryaci.

Da Gidaɗo ya koma Jega ya kwashe labari ya gaya masa, Filimon ya yi dariya har ya dafa kantar shagonsa. Da ya huta ya ɗauko sabuwar roba ya nuna masa cikin murfin, inda aka ɓoye wasu 'yan ƙwayoyi masu shanye danshi. Ya ce iskar damina kanta ruwa ce a wurin wannan magani. Da aka bar robar a buɗe, garin tsami da garin kanwa sun yi faɗansu a hankali cikin aljihu, sun gama, sun shirya, babu abin da ya rage da za su nuna wa mutanen Karaye. Tunda haƙori ya fita, ya ce ba zai ba shi na ciwo ya sha a banza ba, ya ba shi na bitamin mai ruwan lemo, ya ce in ya sake sa ta a baki kada ya ƙara zuwa shagonsa.

Zuwa na uku sai da Gwaggo ta je da kanta ta roƙa. Wannan karon a gaban kowa ya ɓalle hatimin robar. Ƙwaya ta faɗa ruwa, ruwa ya ɗauki shuuu, ƙwayar tana juyi tana hawa tana sauka tana ƙanƙancewa, 'yan tsirarun ruwa suna tsalle a bakin tambulan. Mata suka leƙo ta saman zana. Gidaɗo ya ɗaga tambulan saitin rana, ƙirjinsa ya dawo wurinsa.

Baffa Tamu ya kalla har ta gama. Sannan ya ce abu biyu ne ba su gamsar da shi ba. Kumfar rannan fara ce, wannan kuwa ruwan lemo. Na biyu, tambulan ba baki ba ne. Shi daga bakin mutum ya ga abu ya fito, in ana son ya yarda, daga bakin mutum zai sake gani.

Gidaɗo ya dubi jama'a, ya dubi zanar da ya san Tabawa tana bayanta. Ya tuna gargaɗin Filimon, ya tuna muciyar Gwaggo, muciya ta rinjaya. Ya ajiye tambulan, ya zaro wata ƙwayar, ya rufe murfi wannan karon har da dannawa, ya rufe ido, ya buɗe bakin nan mai sabon giɓi.

"Baffa, hana shi," in ji wata murya daga bayan zana. "Ni na san ba cuta ba ta."

Tabawa ce. Ba ta fito ba, kuma da baffanta take magana, amma ko kurma ya san wa ake nufi. Ta ce tun ranar farko, da maza suka watse ta shiga ɗaukar ƙwaryarta, ta tarar da wata farar ƙwaya a cikin ruwan da ya zube tana tsuwa tana kumfa ita kaɗai, ba bakin kowa a kusa. Tun a ranar ta gane komai. Baffa Tamu ya tambaye ta don me ta yi shiru mutum yana ta zarya. Ta ce zaryar ce take son ya yi. Ta ce ita ba ciwo take gudu ba, kowa yana ciwo. Abin da ya cinye mata shekaru shi ne namijin da zai ji ciwo ya rufe baki don kada a ce ya gaza, sai ya faɗi a bar mace da ɗauka. Ga wani kuma ya zo, ruwa yana gaban gwiwarsa, magani yana aljihunsa, ya gwammace ya yi kumfa da ya ce haƙorinsa na ciwo.

"In yana so na, ga ruwa nan ya haɗa da hannunai. Shi ɗauka shi sha gaban Baffa, ido da ido. In kunya ta hi mai, ga hanyar Andarai nan."

Gidaɗo ya tsaya da ƙwaya a hannu ɗaya, gadon kakarsa a ɗayan. Abu guda da ya mallaka a duniya wanda ba na aro ba shi ake cewa ya zubar a gaban rabin gari. Ya ɗauki tambulan. Ya fara juya baya, muryar bayan zana ta yi gyaran murya, ya juyo. Ya dubi Baffa Tamu, Baffa Tamu ya dube shi. Ya kafa kai ya shanye a tashi ɗaya, don a gama da wuri.

Wanda ya taɓa shanye lemon kwalba a tashi ɗaya ya san abin da ke biyowa. Gidaɗo ya yi ƙoƙarin danne ta, amma ta riga ta taso. Gyatsar da ya yi a gaban surukinsa, mutanen Karaye sun ce kaji sun watse, na Maiyama sun ce sun ji sun ɗauka hadari ne. Baffa Tamu ya daɗe yana kallon sa. Daga bisani ya ce ƙirjin da ya fitar da wannan babu cuta a cikinsa, a dawo da goron.

Da kaka aka ɗaura aure. Yanzu robar ƙwayoyi tana hannun Tabawa, a can saman kantar ɗaki nesa da randa, murfi a danne. Ta saya masa wuƙar yanke igiya ta rataya masa a wuya kamar laya. Turaren ma ta rage masa. Mutumin da ya fi kowa kunya a ƙasar Maiyama ya koma ba ya iya ɓoye ko shaƙuwa. In sauro ya cije shi a Aliero, kafin magariba Tabawa ta sami rahoto.

Kwanan baya na biya ta gidan, aka yi sa'a ana sauke tuwo. Na zauna don kada a ce na raina. Muna ci na tambaye shi ko gaskiya ne masu wankin mota na Jega suna neman sa aiki, na ce ina da riguna masu datti in zai taimaka ya ɗan hura musu, na kuma tambaya ko in kawo masa ruwa ko har yanzu sai Baffa Tamu yana wurin yake iya sha. Sai da ya haɗiye lomarsa, ya sha ruwa a gabana a hankali, ya ajiye moɗa.

"Taubashi, ni sau guda niƙ ƙi shan ruwan surukai, duniya ta yi man dariya, amma ga mata cikin ɗaki. Kai tun daga Jega har Sarandosa babu zauren da ba ka shanye ruwansu ba, ka cinye tuwonsu har ka tambayi ƙanzo. Wa ya ba ka ko bunsuru, balle mata? Cire hannunka cikin kwanon matata."